Kalmar "Noƙe" a Ƙagaggun Labaran Hausa: Kunya Ce ko Ƙi?



1.0 Gabatarwa

Takardar nan ba ta da faɗi. Kalma ɗaya tak muka ɗauko, watau aikatau ɗin nan "noƙe", tare da abin da ya tsira daga gare shi: noƙewa, da a noƙe, da noƙe-noƙe. Abin da ya jawo hankalinmu gare ta kuwa wani ɗan saɓani ne da ya auku a aji. Mun ba ɗalibanmu aikin rubuta gajeren labari a kan aure. Wata ɗaliba ta kawo labarin yarinyar da aka kira gaban iyaye aka gaya mata mijin da za a ba ta, sa'an nan ta rufe babin da cewa yarinyar ta noƙe a bayan gwaggonta. Da aka karanta, sai aji ya rabu biyu. Waɗansu, yawancinsu maza, suka ce ai yarinya ta yarda, kunya ce kawai irin ta 'ya'yan kirki. Waɗansu kuma, yawancinsu mata, suka ce wannan ƙi ne ƙiri-ƙiri, bakin faɗa ne dai ba ta da shi. Muka juya ga marubuciyar don ta raba gardama, ita ma sai ta noƙe.

Mun yi dariya a ranar, amma daga baya muka ga abin ya wuce na dariya. In kalma ɗaya za ta sa Hausawa, masu jin Hausa, su fahimci abu biyu masu karo da juna a kan babban al'amari irin aure, to, lalle ta cancanci a zauna a dube ta. Jimlolin da za mu kafa hujja da su duk namu ne, mun gina su don gwaji kamar yadda masu nahawu kan yi. Littattafai kuwa za mu ambace su ne saboda halin da suka jefa taurarinsu a ciki.

2.0 Kalmar da maƙwabtanta

Asalin noƙewa aikin jiki ne. Kunkuru shi ne uban masu noƙewa: da ya ji motsi sai ya mai da kai da ƙafafu cikin ƙoƙonsa. Bai gudu ba, bai yi faɗa ba, yana nan inda yake, amma ba ka da sauran abin kamawa a jikinsa. Wannan hoto shi ne kalmar ke ɗauke da shi duk inda ta shiga.

A kason da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa aji bakwai a 1960, "noƙe" na aji na huɗu ne, watau masu ƙarewa da wasalin -e. Ajin nan kan nuna cikar aiki ɗungum, kuma a aikatan motsi yakan nuna rabuwa da wuri, kamar bambancin da ke tsakanin "fita" da "fice", ko "shiga" da "shige". Ba mamaki ke nan da muka sami 'yan'uwan kalmar cunkushe a ajin: laɓe, raɓe, maƙale, zame, kauce, sulale. Amma fa wanda ya sulale ya bar wurin, wanda ya laɓe ya nemi abin da zai kare shi daga ido. Mai noƙewa shi kaɗai ne ke janyewa cikin kansa alhali ana kallonsa.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne in an jera ta da sauran hanyoyin da Hausa ke nuna rashin son yin abu. Mu dubi waɗannan:

(1) Aka ce ta shiga mota, ta ƙi.
(2) Da ƙyar ta shiga mota.
(3) Aka ce ta shiga mota, ta noƙe.

A jimla ta (1) magana ta ƙare, ba a shiga ba. "Ƙi" hukunci ne, har ma akan jingina shi ga abin da ba shi da rai, a ce ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko wuta ta ƙi kamawa. A jimla ta (2) ma magana ta ƙare, sai dai ta ɗaya gefen: an shiga, ko da yake an sha fama. Ba mai cewa "da ƙyar ta shiga, amma ba ta shiga ba". Jimla ta (3) kuwa ba ta yanke kome ba. Ana iya ci gaba da ita a ce "sai da gwaggonta ta kama hannunta sa'an nan ta shiga", ana kuma iya cewa "har aka gaji aka ƙyale ta", kuma duka biyun Hausa ce lafiyayya. Watau "ƙi" da "da ƙyar" suna ba da labarin yadda abu ya ƙare, "noƙe" kuwa tana tsayar da mai karatu a tsakiyar abin.

Ko a kunne ma akwai wannan bambanci. "Ƙi" gaɓa ɗaya ce mai sauƙi, ana faɗinta an gama. "Noƙe" gaɓa biyu ce masu nauyi, sai an ja ta. Ba mu ce sautin kalma shi ke haifar da ma'anarta ba, amma marubucin da ke sauraren jimlarsa zai ji cewa ɗaya tana rufe ƙofa, ɗaya tana jan lokaci.

Akwai kuma wani sharaɗi da ba a cika lura da shi ba. Mutum ba ya noƙewa shi kaɗai a ɗaki. Sai an kira shi, ko an miƙo masa abu, ko ana sauraren ya yi wani abin da ya kamace shi. Ƙyuya hali ce da mutum ke yawo da ita ko da kowa ko ba kowa. Ɗari-ɗari rashin sakin jiki ne da wanda ba a saba da shi ba. Noƙewa kuwa amsa ce, amsar da jiki ya bayar a inda aka saurari ta baki. Kuma ba ta faɗin dalili. Wanda ya ce "ta noƙe" ya gaya mana abin da idonsa ya gani ne kurum, abin da ke cikin zuciya bai taɓa shi ba.

3.0 Wa ya noƙe?

Tun da kalmar ba ta faɗin dalili, mai sauraro ne ke cika gurbin, kuma da al'ada yake cika shi. A nan ne gizo ke saƙa, domin al'adar ba fassara ɗaya take bayarwa ba.

In yaro ƙarami ne aka miƙa wa hannu ya noƙe kafaɗa, ba mai gardama: ba ya so. Kowace uwa ta san wannan alama, ba ta kuma taɓa ɗaukarta da ma'anar yarda ba.

In namiji baligi ne, kalmar zargi ce. Aka zo tara gudummawar biki ya noƙe. Aka yi gayya ya noƙe. Aka nemi mai ba da shaida ya shiga noƙe-noƙe. A nan ana nufin rowa, ko tsoro, ko zamewa daga nauyin da ya hau kansa. Ba a yabon namiji da noƙewa, sai fa a gaban surukansa.

In kuwa budurwa ce, musamman a maganar aure, sai kalmar ta juye ta zama yabo. Ta noƙe, watau tana da kunya, ta sami tarbiyya. Kunya kuwa babbar kadara ce a wurin Bahaushe. Tana cikin halayen da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, tare da gaskiya da amana da haƙuri da sauransu. Al'adun biki ma sun ginu a kan cewa amarya za ta noƙe. Ana kamu ne domin ana sa ran ta ɓuya. Ana sayen baki domin ana sa ran ta yi shiru. Tana kuka ranar da za a kai ta, kuma wadda ta fita da busasshen ido sai an yi da ita. To, yarinyar da ke son mijin tana yin duk waɗannan, wadda ba ta son sa ita ma su take yi. Motsin da aka yarda ƙi ne a kafaɗarta tana 'yar shekara uku, shi ne ake karanta wa yarda a jikinta ranar da aka kawo kuɗin aurenta.

Kada a ɗauka mu ne muka fara ganin wannan matsala. Malaman fiƙihu sun riga mu. Sananne ne cewa budurwar da ake neman izininta shirunta yakan wadatar, kuma Muhtasar na Shaihu Halil, wanda aka wallafa a Masar a ƙarni na 14 ake kuma karantawa a zaurukanmu, bai tsaya a nan ba. Ya nuna an so a sanar da ita cewa shirun nata za a ɗauke shi izini. Sa'an nan ya rarrabe alamomin jiki: in ta hana, ko ta nuna ƙyama ta guje, ba a ɗaura mata, in dariya ta yi ko kuka, ana ɗaurawa. Ba fatawa muka zo bayarwa ba, ba kuwa fagenmu ba ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne, noƙewa ta faɗa daidai tsakanin waɗannan alamomi biyu. Ta fi shiru, ba ta kai gudu ba. Abin da ya sa malami ya tsaya yana auna shi, bai kamata marubuci ya jefa shi cikin jimla da ka ba.

4.0 Gurbin kalmar a ƙagaggen labari

Littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 yawancinsu labaran aiki ne da tafiya. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da Ganɗoki na Bello Kagara ba mutanen jinkiri ba ne. Abin da ya zo musu a rai shi suke yi, labarin kuma yana gudu da su daga gari zuwa gari. A irin wannan zubi mai noƙewa ba ya zama tauraro, iyakarsa ya zama matsoracin da ake yi wa dariya a gefe.

Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya fita daban, domin tushen rikicinsa yana cikin gida. Zainabu da Abubakar suna son juna, sai Malam Shaihu mai dukiya ya shigo, aka yi auren da shi, daga nan kuma duk masifar da ta biyo baya ta taso: yawon Abubakar na neman abin ramuwa, da lalacewar Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. Abin lura shi ne, labarin ya bi Abubakar cikin daji ya bi Kyauta cikin yawonsa, amma zaman da Zainabu ta yi tsakanin alkawari da dukiya, wanda shi ne mafarin kome, bai sami fili irin wannan ba. Ba laifi muke ɗora wa mawallafan ba. Ramuwa suka sa gaba. Muna nuna dai inda gurbin yake. Wanda yake so ya ji yadda mace ke bayyana irin wannan zama da bakinta, sai ya koma ga Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954. Aurenta na fari na zumunci ne, ta zauna don girmama iyaye ba don so ba, daga baya kuma ta fita. Ga mai kallo daga waje, a ranar bikin ba abin da ya bambanta ta da kowace amarya.

Da mata suka shigo fagen da alƙalaminsu, sai abin ya sake. Boɗaɗo ta So Aljannar Duniya, littafin Hafsatu Abdulwahid wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ba ta ɓoye wanda take so ba, ta tsaya a kan Yasir duk da cewa danginta Fulani ba su so. Abu ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an cire ta daga makaranta an aura mata Sarkin Noma, dattijon da ba ta so, ita kuwa ta gudu ta nemi ilmi. A ma'aunin da muka kafa a baya, waɗannan taurari sun tashi daga jimla ta (3) sun koma jimla ta (1). Muna ganin wannan ba ƙaramin abu ba ne a tarihin zube na Hausa: marubuciyar da ta san yadda ake karanta wa mata noƙewa da yarda, sai ta hana tauraruwarta tsayawa a noƙewar, ta sa ta yi abin da ba mai iya fassara shi da kunya.

Amma kuma a nan muke da ɗan ƙorafi. Yarinyar da ta buɗe baki ta ce ba ta so, ko ta tsallake katanga, labarinta yana da daɗin bayarwa, kuma littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980 sun ba da shi sau da yawa. Sai dai ba kowace yarinya ce ke da wannan ƙarfin hali ba. Wadda ta noƙe, aka ce kunya ce, aka kai ta, ta zauna, ita ce har yanzu muke jin ba a gama rubuta ta ba. Kayan aikin rubuta ta kuwa yana nan cikin harshen.

5.0 Yadda kalmar ke aiki, da yadda ake kashe ta

Bari mu gwada da ɗan yanki da muka shirya ta fuska uku. Ga ta farko:

(4) Gwaggo ta ce, "Taso, 'yar nan, ga su can suna jira." Ladi ta noƙe cike da kunya, tana murmushi a ƙarƙashin mayafi.

Ga ta biyu:

(5) Gwaggo ta ce, "Taso, 'yar nan, ga su can suna jira." Ladi ta noƙe, domin a zuciyarta ba ta ƙaunar wannan aure ko kaɗan, kuma tana jin baƙin ciki matuƙa.

A (4) an mai da kalmar ado. Ita ce noƙewar da ake sa wa kowace amarya kamar yadda ake sa mata lalle, kuma da zarar an ce "cike da kunya" mai karatu ya daina tunani. A (5) kuwa marubuci ya tsorata kada a kasa gane shi, sai ya fasa ƙoƙon kunkurun ya nuna mana abin da ke ciki. In dai za a faɗi haka, to, me ya kawo "noƙe"? Da "ƙi" aka sa da an huta. Irin (5) ita muka fi gani a rubutun ɗalibai, kuma muna zargin kanmu malamai da hannu a ciki, domin mu ne muke ja musu jan layi muna cewa su "bayyana yadda tauraro yake ji", kamar dai ji ba ya bayyana sai an kira sunansa.

Ga ta uku:

(6) Gwaggo ta ce, "Taso, 'yar nan, ga su can suna jira." Ladi ta noƙe. Mata suka sa guɗa, wata ta ce, "Kai, 'yar Malam akwai kunya!" Gwaggo ta kama hannunta za ta ɗaga ta, sai ta ji yarinyar ta riƙe ƙafar gado. Ta dube ta, ta dubi ƙofa. Sa'an nan ta sunkuya ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "A yi guɗa mana."

A nan ba a ce Ladi ba ta so ba, ba a kuma ce gwaggo ta gane ba. An bar kalmar ita kaɗai a jimlarta, aka ba taron mata damar yi mata fassarar al'ada, sa'an nan aka kawo alama ɗaya wadda mutum ɗaya kaɗai ya ji a hannunsa. Mai karatu ya san abin da masu guɗa ba su sani ba, ya kuma san gwaggo ta sani ta zaɓi ta rufe. Nauyin yankin duka ya koma kan gwaggo, mai yiwuwa kuwa ita ma an taɓa ɓamɓare nata yatsun. Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma amarya fuskarta a rufe take, saboda haka dole marubuci ya nemi wata gaɓar da zai tambaya.

Wani zai ce, ashe ke nan ɗalibarmu ta yi kuskure da ta tsaya a "ta noƙe" ba ta ƙara kome ba? Mun daɗe muna juya wannan. Ra'ayinmu shi ne, a ƙarshen babi ba ta yi kuskure ba, domin babi na gaba yana iya biyan bashin. Da a ƙarshen labarin ne gaba ɗaya, da mun ce ta yi, domin ta bar wa al'ada fassarar, al'ada kuwa mun riga mun san abin da za ta ce.

Haka abin yake ta wajen maza, ko da yake ba mu ga an kula da shi sosai ba. Uban da aka zo neman 'yarsa ga mai kuɗi, ya san ba ta so, aka dube shi ya yi magana ya noƙe, wannan noƙewa ta fi ta yarinyar nauyi, gama shi yana da bakin da ita ba ta da shi. Kalmar zargi ce a kansa, kuma marubuci yana iya barinta ta yi zargin ba tare da ya ƙara wa'azi ba.

6.0 A dandali da rediyo

A rubutaccen wasan kwaikwayo kalmar ba ta shiga bakin 'yan wasa sai nadiran. Wurinta shi ne umurnin da mawallafi kan sa a gefe. Da an hau dandali kuwa, shakkar nan da muka yi ta yabo sai ta gushe, domin 'yar wasa ba ta iya noƙewa biyu a lokaci guda. Ko dai ta sunkuyar da kai tana satar kallo, ko ta ƙanƙame jiki ta kau da fuska, kuma 'yan kallo za su gane wadda ta zaɓa tun daga layin baya. Haka yake a fim. Mai shirya wasa ne ke yanke hukuncin da marubucin zube yake da ikon jinkirtawa.

Rediyo ya fi kowa wahala, tun da ba jikin da za a gani. Iyakar abin da mai wasan rediyo zai yi shi ne ya bar ɗan shiru, sa'an nan ya sa wani ya ce, "Ke, mene ne na noƙewa?" Da ya yi haka kuwa kalmar ta tashi daga bakin mai ba da labari ta koma bakin mai tilastawa, kuma amsar da yarinya kan bayar a irin wannan wuri ita ce "to", wadda ita ma in aka ja ta, ko aka datse ta, ko aka faɗe ta can ƙasan maƙogwaro, ma'anarta uku ce, alhali a takarda haruffa biyu ne ba su sakewa.